Idan Karsashin Rubutu Ya Kwanta, Me Ake Yi?

Malam Ɗanjuma:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so mu baje ta. Mutum zai fara rubutu don masu karatu da zafinsa, maƙala uku ko huɗu a mako, kowacce da tsawonta. Bayan wata biyu sai ta koma ɗaya. Daga nan sai "ku yi haƙuri da jina shiru, abubuwa ne suka yi yawa", daga ban-haƙurin nan kuma ba a sake jin ɗuriyarsa. Iliminsa bai ƙare ba, wayar ma tana hannunsa. Me ake yi a daidai wannan gaɓar? Don Allah ban da "a dage" da "a sa himma", wannan kowa ya sani. Abin da mutum zai tashi ya yi gobe da safe nake nema.

Hajiya Ladi:
Wa alaikumus salam Malam. A fara gano ciwon tukuna. Abin da muke kira mutuwar jiki ba abu ɗaya ba ne, shi ya sa shawarar da ta tayar da wani take ƙara danne wani. Gwajin ba wuya. Zauna, buɗe inda kake rubutu, ka ba kanka minti 10, ka lura da inda ka cije. Idan ka rasa abin da za ka yi magana a kai, ma'ajiyar batutuwanka ce ta ƙare. Idan batun na nan amma ka rasa ta inda za ka kama shi, ya yi girma ne. Idan ka rubuta jimla ka goge, ka sake ka goge, tacewa ce ta shigo kafin lokacinta. Idan zuciya ce ke cewa "wa ma zai karanta", shirun masu karatu ne ke cin ka. Idan kuwa buɗewar ma ta gagara, har abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita daga ranka, wannan gajiya ce, kuma ba dabarar rubutu ce maganinta ba.

Baban Ummi:
Hajiya ta yi bayani, amma a ganina duk rassa ne, tushen ɗaya ne: jiran karsashi. Wanda ya ce sai ransa ya so zai rubuta, ran nan ba zai so ba sai sau biyu a wata. A tsayar da lokaci, a tsayar da wuri. "Zan riƙa rubutu da safe" fata ne kawai. A ce "ƙarfe 6:30, a kan teburin nan, kafin in buɗe saƙon kowa, zan yi minti 20". Wani masanin halayyar ɗan'adam, Peter Gollwitzer, ya yi fitaccen rubutu a kan wannan a 1999. Abin da ya nuna shi ne, niyyar da aka ɗaure da "idan kaza ya faru zan yi kaza" ta fi saurin zama aiki a kan wadda aka bari sake. An gama yanke shawara tun jiya, yau babu sauran ciniki da zuciya. A yi haka kwana 21 a jere, ya zama jiki.

Malama Rakiya:
Baban Ummi, ina tare da kai har zuwa jimlarka ta ƙarshe. Kwana 21 ɗin nan yawo kawai yake a bakin mutane. Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Phillippa Lally ne da abokan aikinta a jami'ar UCL da ke Landan, ya fito a 2009. Mutum 96 suka bibiya na mako 12, kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai riƙa yi kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, tazarar kuma mai faɗi ce, daga kwana 18 har 254. Kuma fa ƙananan abubuwa ne, irin shan ruwa a wani lokaci na musamman ko ɗan motsa jiki. Rubutu ya fi su nauyi nesa ba kusa ba.

Illar maganar kwana 21 ita ce, a rana ta 22 mutum zai ga har yanzu da ƙyar yake zama, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba marubuci ba ne. Binciken nan kuma ya nuna tsallake rana ɗaya ba ya rusa abin da aka gina. Don haka ba na goyon bayan lissafin "a jere". Wanda ya yi kwana 40 bai fasa ba, zazzaɓi ya kwantar da shi na kwana biyu, lissafinsa ya koma sifili, yawanci daga nan yake ajiyewa gaba ɗaya. A ƙirga ta mako: kwana nawa na zauna cikin bakwai? Huɗu ya isa.

Baban Ummi:
Na karɓi gyaran lissafi Malama. Amma kada a buɗe ƙofa da yawa. Rana ɗaya a yafe, biyu a jere kuwa a tashi tsaye, don ta ukun ba ta neman izini.

Sani Ƙarami:
Ku gafarce ni manya, minti 20 me za ta haifar? Kafin mutum ya tuna inda ya kwana ma lokacin ya ƙare.

Hajiya Ladi:
Ƙanena, ta ƙare a banza ne idan ka zauna da niyyar "rubuta maƙala". Maƙala ba aiki ɗaya ba ce, ayyuka biyar ne aka ɗaure wuri guda. Ɗauki mai kalma 800 misali. Tattara bayani da tabbatar da shi zai ci kamar awa ɗaya. Tsara ƙwarangwal, wato jera maganganun da za ka yi a layi biyar ko shida, minti 15. Zubin farko awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tacewa minti 45. Zaɓen take da karatun ƙarshe don kama kurakurai, minti 20. Ka ga an doshi awa huɗu.

Yanzu ka duba wanda ya yi alkawarin uku a mako. Awa 12 ya ɗora wa kansa bai sani ba, a kan aikinsa da iyalinsa. Makonnin farko ɗoki ne ke biyan bashin, daga barcinsa ake cira. Ranar da ɗokin ya kwanta sai lissafin ya fito fili, shi kuma ya ɗauka himmarsa ce ta mutu. Ba ta mutu ba, jadawalin ne tun farko ba na mutum mai rai ba ne.

Abin yi shi ne ka auna. Maƙaloli uku na gaba, rubuta lokacin da ka fara da lokacin da ka tashi a kowane zama. Haɗa, raba uku, ka sami ainihin lokacin da maƙala ɗaya ke ci a wurinka. Sannan ka ƙirga awannin da ke hannunka da gaske a mako mai cunkoso, ba mako mai sauƙi ba. Idan huɗu ne, maƙala ɗaya ce rabonka. Idan biyu ne, ɗaya duk mako biyu, ko ka rage tsawo zuwa kalma 400. Minti 20 ɗin kuwa kowanne a ba shi aiki guda: yau ƙwarangwal, gobe sakin layi biyu na farko, jibi biyu na gaba.

Malama Rakiya:
A kan aunawar nan, kada kowa ya yarda da ƙiyasin kansa. A 1994 Roger Buehler da abokansa sun tambayi ɗalibai a Kanada kwana nawa za su ɗauka su gama kundin kammala karatu. Sun ce kusan 34, ya ɗauke su kusan 55. Ko da aka ce su faɗi lokacin da zai ɗauka idan komai ya dagule, abin da suka faɗa bai kai na gaskiyar ba. Agogo ya fi zuciya gaskiya a wannan fage.

Maman Fadila:
Bari in kama na farkon da Hajiya ta lissafa, don shi ya fi kashe mutane: zama gaban farar takarda ana neman batu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin rubutu daban, lokacin neman abin rubutawa daban. A buɗe wuri ɗaya tak, ko ƙaramin littafi ko manhajar ajiye bayanai a waya, duk abin da ya faɗo a jefa shi ciki nan take. Wuri ɗaya na ce, don wanda ya warwatsa a takardu uku da saƙonnin da ya tura wa kansa, ranar nema ba zai ga ko ɗaya ba.

Inda ake kuskure shi ne yadda ake ajiyewa. Mutum zai rubuta "batirin waya" ya rufe. Bayan mako uku ya buɗe, kalma biyu na kallonsa, ya manta abin da ya sa ya rubuta su. A ajiye abu uku: tambayar, wanda yake yin ta, da jimla ɗaya ta amsa. Misali: "Me ya sa batirin waya ke saurin sauka bayan shekara biyu? Mai tambaya: wanda ke shirin sayen sabuwa. Amsa: batiri na tsufa da yawan caji da zafi, sau da yawa canza shi kaɗai ya isa." Wannan rabin ƙwarangwal ne tun kafin a zauna.

Kada ma'ajiyar ta sauka ƙasa da guda 10. Idan ta kusa, a ware zama ɗaya don cika ta kawai. Tambayoyin da masu karatu suka aiko, kuskuren da kake yawan gani mutane na yi a fanninka, maganar da ka karanta ba ka yarda da ita ba, tsohuwar maƙalarka da ka ambaci wani abu a jimla ɗaya ka wuce. Batun da ya yi girma kuma a yanka shi. Duk taken da za a iya rubuta littafi a kansa ba taken maƙala ba ne.

Malam Ɗanjuma:
Madalla. To mai rubutawa yana gogewa fa? Wannan yana da batu, yana da lokaci, amma awa ɗaya za ta wuce yana kan sakin layi na farko.

Baban Ummi:
Shi dokarsa ɗaya ce: a zubin farko ba a komawa baya. Ka manta shekara ko suna? Sa alamar tambaya uku ka wuce, kada ka buɗe intanet, don daga neman shekara ɗaya sai ka tsinci kanka a wani wuri bayan minti 40. Gabatarwa ta ƙi zuwa? Tsallake ta, fara daga maganar da ka fi sani, gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta bayan an ga abin da aka gabatar. A sa agogo. Tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 shi ne minti 25 na aiki, 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Ba lallai 25 ba, 15 ma ta yi, abin nufi shi ne zaman yana da ƙarshe da ake hangowa.

Tacewa sai washegari. Idon da ya rubuta abu yanzun nan ba ya ganin kuskurensa, abin da yake nufi yake karantawa ba abin da ke kan takarda ba.

Maman Fadila:
Ƙari biyu. Wanda baki ya fi masa sauƙi a kan hannu, ya naɗi muryarsa yana yi wa mutum ɗaya bayanin batun na minti biyar, sannan ya saurara ya rubuta. Minti biyar na magana yakan ba da kalma 600 ko fiye, kuma jimlolin sun fi fitowa a miƙe. Na biyu, kada a tashi daga zama a inda magana ta ƙare. A tashi ana sane da abin da ke biye, a bar layi ɗaya a ƙasa: "gobe: dalili na biyu, misalin zafi". Tambayar Sani ta tuna inda aka kwana, amsarta kenan.

Sani Ƙarami:
Na gode Anti. Amma gaskiya abin da ya fi karya gwiwa shi ne shiru. A yi awa huɗu ana aiki, a saki, mutum uku su danna alamar so, babu tsokaci ko ɗaya. Wani kuma ya rubuta layi biyu na shirme, mutum dubu su taru. Dabarar agogo ba ta maganin wannan.

Malama Rakiya:
Ba ta yi kam. Amma a fara gyara fahimtar shirun. Jakob Nielsen ya yi bayani a 2006 a kan abin da ake kira ƙa'idar 90-9-1: a yawancin tarukan intanet kusan kashi 90 karatu kawai suke yi, kashi 9 sukan ce wani abu jefi-jefi, kashi 1 ne ke yawan magana. Ƙiyasi ne, ba awo na kowane wuri ba, amma ya isa ya nuna maka rashin tsokaci ba rashin masu karatu ba ne. Rubutun da ya warware wa mutum matsala ma sau da yawa ba ya jawo magana, an karanta an amfana an tafi. Wanda ya tsokano faɗa shi ke tara jama'a.

Sai kuma haɗarin da ke cikin alƙaluman kansu, wato yawan masu so da masu karatu. A 1973 Mark Lepper da abokansa sun gwada yara masu son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun zana, wasu ba a yi musu ba. Bayan kwanaki da aka bar su da alƙaluman zanen ba tare da wani lada ba, waɗanda aka yi wa alkawari sun rage zane a kan sauran. Abin da suke yi don so ya koma abin da ake yi don lada, da ladan ya ɗauke sai son ya ragu. Mai duba yawan masu so duk bayan minti goma yana yi wa kansa irin wannan ne da hannunsa.

A aikace: ranar da ka saki rubutu, kashe sanarwar manhajar har washegari. Amsa tsokaci a zama ɗaya, minti 15. Alƙaluma a duba su sau ɗaya a wata, da tambaya guda: waɗanne uku ne aka fi karantawa, me ya haɗa su? Abin da za ka riƙa ƙirgawa kullum ya zama wanda ke hannunka, zama nawa ka yi, daftari nawa ka gama.

Hajiya Ladi:
Kuma a nemi mutum ɗaya ko biyu masu karantawa da gaske kafin a saki. Ba mai cewa "ma sha Allah, ya yi kyau" ba. A ba shi tambaya takamaimai: a ina ka fara gajiya, wace jimla ce ba ka gane ba? Amsar mutum ɗaya irin wannan ta fi riƙe marubuci a kan alamar so ɗari.

Baban Ummi:
Ni da zan ƙara, a shelanta wa jama'a: duk ranar kaza za ku ga sabon rubutu. Kunya ma makami ce.

Malama Rakiya:
A nan sai an yi hattara. Gollwitzer ɗin da ka ambata, shi da abokansa sun fitar da wani bincike a 2009 da ya nuna idan mutum ya bayyana burinsa na zama wani abu, mutane suka ji, yakan ji kamar ya riga ya taka wani mataki, sai ƙoƙarin ya ragu. "Zan zama marubuci, ku saurare ni" na cikin wannan. Abin da ya fi aiki shi ne alkawari ƙarami ga mutum ɗaya da zai tambaye ka: zan turo maka daftari ranar Laraba kafin ƙarfe tara na dare. Shi ma ya turo maka nasa.

Baban Ummi:
Ban sauka gaba ɗaya ba. Ranar da aka tsayar tana koya wa masu karatu lokacin dawowa, wannan amfani ne da ba ya cikin binciken.

Hajiya Ladi:
Ku duka kuna da gaskiya, sharaɗi ne ya rage. Kada a tsayar wa jama'a rana sai akwai maƙala uku ko huɗu gamammu a ajiye. Lokacin da karsashi ke sama, mutum ya rubuta biyar a mako, kada ya sake su duka. Ya saki ɗaya, ya ɓoye huɗu. Wannan ne zai ɗauke shi a makon rashin lafiya ko tafiya. Waɗanda za a ajiye su zama marasa tsufa, ba sharhi a kan labarin yau ba. Idan ajiyar ta sauka zuwa ɗaya, alama ce jadawalin ya fi ƙarfinka, a rage shi tun kafin a kai ga fashi.

Malam Ɗanjuma:
Saura na ƙarshe a jerin Hajiya, gajiya. Yaya ake bambanta ta da kasala?

Malama Rakiya:
Kasala tana gudu idan aka fara. Ka tilasta wa kanka minti 10, a minti na shida ka manta ba ka so. Gajiya kuwa ƙaruwa take yi da zaman, ka tashi ka fi yadda ka zauna nauyi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga rai har ana ƙyamarsa, da raguwar ingancin abin da ake yi. Mai wannan hutu yake buƙata, amma hutu mai ranar dawowa, mako biyu ko uku a rubuce. Hutun da ba shi da rana ajiyewa ce. A lokacin ba a rubutu ba a duba alƙaluma, sai dai karatu da jefa abin da ya faɗo cikin ma'ajiya.

Idan kuwa abin ya wuce rubutu, ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, barci da ci sun rikice, wannan likita za a gani.

Maman Fadila:
Akwai kuma gundura, ita ma ana rikita ta da gajiya. Mutum ya yi maƙala 50 a kan abu ɗaya da zubi ɗaya, hannunsa ya haddace. Kafin a bar fannin a canza zubin: amsa tambaya ɗaya a kalma 300, hira da wani masani, kwatanta abu biyu, ko a ɗauko tsohuwar maƙala a gyara abin da ya canza a cikinta. Idan an gwada haka wata biyu ran bai dawo ba, to a matsa zuwa fanni na kusa, masu karatu da yawa za su biyo.

Sani Ƙarami:
Wanda ya riga ya yi wata biyar shiru fa, ta ina zai dawo? Da kunya a fito haka kawai.

Hajiya Ladi:
Haka kawai ɗin za a fito. Kada ka rubuta doguwar ban-haƙuri, yawancin masu karatu ba su ƙirga kwanakin ba, waɗanda suka ƙirga kuma rubutu suke jira ba uzuri ba. Kada kuma ka ce sai ka dawo da gagarumar maƙala da za ta biya bashin wata biyar, wannan tunanin ne ke mayar da biyar ta zama goma. Zaɓi tambaya mafi sauƙi a ma'ajiyarka, amsa ta a kalma 300 zuwa 400. Kada ka sake ta tukuna, rubuta ta biyu da ta uku. Idan uku sun kammala, saki ta farko, ka ɗauki rabin jadawalinka na da. Sai ka yi wata biyu a kai ba fashi kafin ka yi maganar ƙari.